Sikanar rediyo a Amurka: yadda za ka rage kiran da ke wuce ka

Ɗan uwa da ka sauka Amurka kwanan nan, in kana gadin dare ko ka zauna a yankin guguwa irin Oklahoma, za ka ga maƙwabta da sikana, wato rediyon da ke zagaya mitoci yana kamo kiran hukumomi, suna sauraron 'yan kwana-kwana da motocin asibiti. Abu ne mai amfani, amma fara da doka: New York, Florida, Indiana, Kentucky da Minnesota sun taƙaita ɗaukarta a mota.

Hukumomi da yawa suna kan tsarin rediyon dijital mai suna P25 ne, galibi a zangon 700 da 800 MHz, inda ba wanda ke da mitarsa ta dindindin. Akwai tasha guda, tashar jagora, mai ba kowane rukunin masu magana mitar da babu kowa a kai a wannan lokacin. Dole sikana ta tsaya ta ji jagora kafin ta bi magana, kuma kunne ɗaya gare ta. In ka ɗora mata gundumomi goma, tana can tana zagaye, saƙon gobarar unguwarku ya zo ya wuce. Kashe duk gundumar da ba taka ba, ka riƙe turken watsa sigina da ya fi kusa da kai kawai, ka toshe rukunonin masu surutu irin na motocin makaranta. Saita sikana ta yi jinkirin daƙiƙa 2 bayan an gama magana don amsa ta same ka.

Akwai wata matsalar da ke sa mutane asarar kuɗi. Za ka ga sandunan sigina sun cika fal, amma murya tana yankewa ko ta yi tsit. Turaku da yawa ne ke watsa abu ɗaya a mita ɗaya, saƙonsu na isowa da 'yar tazara, sai sikana ta rikice. A nan babbar eriya ƙara dagula lamarin take. Gwada gajeriyar eriya, ko ka kunna maragin ƙarfin sigina, ko ka matsar da ita daga tebur zuwa wata kusurwar ɗaki. Taku biyu kan canza komai. Eriyar Yagi, mai kamo sigina daga ɓangare ɗaya, da aka saita kan turke ɗaya ma tana taimakawa. In duk ya ƙi, sikanonin Uniden SDS100 da SDS200 don wannan aka ƙera su.

Kada arha ta ja ka ga tsohuwar sikanar da ba ta karanta sabon salon P25, wato mataki na 2. Kuma ka bincika ko 'yan sandan garinku sun kulle maganarsu da lambar sirri, domin in sun kulle, babu sikanar da za ta buɗe maka ita.