Yadda za ka hana :not() na CSS kwaso maka abin da ba ka nema ba

A JavaScript, in ka rubuta akwati.querySelectorAll(':not(.talla) p') da niyyar ka samu p ɗin (wato sakin layi) na cikin wani akwati a shafinka waɗanda ba sa cikin talla (wato sashen da aka sa wa class ɗin .talla), wallahi sai ka ga har na cikin tallan sun biyo, dalili kuwa burauza ba cikin akwatin kaɗai take dubawa ba, da shafin gaba ɗaya take aunawa sannan ta tace ta miƙo maka na cikin akwati. Abin da ka rubuta yana nufin duk p da ke cikin wani abu da ba .talla ba; to ai body ma, wanda ke ɗauke da duk abin da ake gani a shafin, ba .talla ba ne, shi kenan sharaɗi ya cika.

Gyaran shi ne ka manna :not ɗin a jikin p da kansa, wato 'p:not(.talla p)', Chrome ya fara karɓar wannan tun siga ta 88. In kuma 'ya'yan akwatin na kai tsaye kawai kake so, sa ':scope > :not(.talla)', shi ke ɗaure binciken a akwatin.