Darasi: Kuɗin ƙera kaya da kuɗin sayensa a shago

To jama'a yau lissafi za mu taɓa, kowa ya ɗauko biro da takarda.

Mu ɗauki takalmi misali. Mu ƙaddara masana'anta ta kashe 20 wajen yin sa, wato roba da zare da gam da ladan ma'aikata da wutar inji, kai kuma ka je shago an ce maka 100, sai ka ji ranka ya ɓaci ka ce ai 80 ɗin nan duk riba ce wani ya danne. A'a, tsaya tukuna. Masana'anta ta ɗora nata ta sayar wa kamfani mai tambari 25, shi kuma ya biya jirgin ruwa da kwastan da sito da talla, ya ba mai shago a 50 kuɗin sari, mai shago ya ninka. Wannan ninki biyun tsohuwar al'ada ce a cinikin sutura, kuma a ciki zai fitar da haya da albashin yara da asarar kayan da suka yi kwantai, waɗanda ƙarshenta sai an karya musu farashi kafin su fita. Ga gwamnati ma da nata, a Ingila da Faransa harajin VAT kashi 20 cikin 100 ne a kan yawancin kaya.

Amma fa akwai inda tazarar ke da ban haushi, gaskiya. Turare mai babban suna, ruwan da ke ciki ba shi ne mai tsadar ba, kwalba da kwali da talla kake biya. Coca-Cola kaɗai ta kashe sama da dala biliyan 4 kan talla a 2019, wa kake jin ya biya? Magani kuma kamfanin da ya ƙirƙiro shi yana da kariyar doka ta shekara 20, tana ƙarewa wasu su fara yin irinsa sai farashi ya faɗo warwas.

Wurin da mutane ke ruɗewa: ka saro 100 ka sayar 150, ka ɗora kashi 50 kan uwar kuɗi, amma a cikin kuɗin da ya shigo hannunka ribar kashi 33 ce da 'yan kai, don 50 ɗaya bisa uku ne na 150.

Aikin gida: an saro riga 40 an sayar 60, dako da haya sun ci 12. Nawa ya rage wa mai shago?