Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin girman tsoka a ɓerayen gwaji

Duk mai karantar wannan fannin ya san labarin myostatin, furotin da ke taka wa girman tsoka birki. A 1997 ne Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka cire ƙwayar gadon da ke samar da shi daga jikin ɓera, sai ga tsokokinsa sun ninka na ɗan uwansa sau 2 zuwa 3, zaren tsokar ya ƙaru kuma kowane zare ya yi kauri. Daga nan fa mutane suka fara tafka kuskure kala-kala, dalibai da masu rubutu duka.

Babban su shi ne ɗaukar girma a matsayin ƙarfi. Ka ga ɓera ya kumbura kamar ɗan dambe sai ka rubuta cewa ya fi ƙarfi, alhali ba ka auna komai ba sai nauyi. Da aka zo aka auna ƙarfin da tsokar ke bayarwa gwargwadon kaurinta sai aka ga ta kasa ta ɓeran da ba a taɓa ba, ga saurin gajiya domin zaren ya karkata zuwa nau'in IIb mai saurin motsi amma ƙarancin mitokondiriya (sassan ƙwayar halitta masu samar da kuzari), jijiyoyin da ke haɗa tsokar da ƙashi ma sun fi ƙanƙanta da saurin lalacewa. To gyaran ba wuya, in za ka ce ƙarfi to ka auna ƙarfi, ka raba shi da faɗin tsokar, in ba ka da na'urar kawai ka tsaya a kan nauyi ka ce nauyi ka auna.

Na biyu kuma wanda ni a ganina ya fi ɓata aiki, rashin kula da asalin zuri'ar ɓeran. Wai ai ɓera ɓera ne, a'a sam. Dubi mdx, ɓeran da ba shi da furotin distirofin da ake nazarin cutar Duchenne (cutar lalacewar tsoka da ake gado) da shi, a zuri'ar C57BL/10 ciwon nasa da sauƙi, yana yawonsa, amma ka mayar da wannan matsalar cikin zuri'ar DBA/2J sai tsoka ta rame ta cika da tabo, kuma bambancin da ke ƙwayar gado ta LTBP4 na cikin dalilan. Ko C57BL/6J da C57BL/6N da sunansu ya kusa zama ɗaya ba ɗaya ba ne, na J ɗin yana da naƙasa a ƙwayar gado ta Nnt. Saboda haka kar ka sayo ɓeraye daga wani wuri ka ce su ne na kwatance, yi amfani da waɗanda aka haifa ciki ɗaya, keji ɗaya, abinci ɗaya, kuma ka rubuta cikakken sunan zuri'ar.

Haɗa maza da mata a lissafi ɗaya ma kuskure ne, tsokar namiji ta fi nauyi, haɗa manya da ƙanana ma haka.

Wani kuskuren kuma shi ne raba nauyin tsoka da nauyin jiki. Ɓeran da ba shi da myostatin kitsensa kaɗan ne kuma tsokar ita ce ta ƙara masa nauyi, ka ga lissafin ya cakuɗe tun daga tushe, gara ka raba da tsawon ƙashin ƙwauri. Kuma tsoka ɗaya ba ta wakiltar sauran, a tsokokin ƙafa ma soleus daban EDL daban, ka ɗauki aƙalla biyu masu hali mabambanta.

Akwai masu zaton myostatin shi ne komai da komai. Shi Lee ɗin ya nuna a 2007 cewa in aka ƙara follistatin, furotin da ke toshe myostatin da ire-irensa, a ɓeran da dama babu myostatin tsokar tana kaiwa ninki 4, ma'ana akwai wasu birkin bayan shi, ga IGF-1, sinadarin da ke ƙara girman tsoka, ma da nasa aikin.

Tsalle daga ɓera zuwa mutum kuwa a yi a hankali. Gaskiya ne an ga irin wannan a shanun Belgian Blue, an kuma ba da rahoton wani yaro mai irin wannan halin a Jamus a 2004, amma magungunan toshe myostatin ba su yi abin da aka sa rai ba a masu ciwon tsoka, kamfanin magani na Pfizer ma ya dakatar da gwajin irin wannan maganin mai suna domagrozumab a 2018. Cire ƙwayar gado tun ɓera na ciki daban, bai wa babba magani daban, kuma tsokar ƙafar mutum ba ta da wannan zaren IIb ɗin da ya cika ta ɓera.