Yadda za ka yi idan amai da gudawa suka tashe ka cikin dare

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro ya san wannan: an kwanta lafiya lau, can wajen ƙarfe 2 na dare sai a ji kakarin amai. Har mutum ya ɗauka dare cutar take jira. Alhali yawanci lissafin awoyi ne kawai ya faɗo cikin dare. Gubar da wasu bakteriya ke bari a dafaffen abincin da ya daɗe a ajiye ba a sanyaya shi ba takan sa amai cikin awa 1 zuwa 6. Wanda ya ci irinsa ƙarfe 8 na dare, to tsakanin 9 da 2 zai ji a jikinsa. Ita kuwa norobairas, ƙwayar da ke yawan yaɗa amai da gudawa a tsakanin mutanen gida ɗaya, tana yin awa 12 zuwa 48 a jiki kafin ta bayyana, ba ruwanta da dare ko rana.

Jikin ma da nasa. Sinadarin kotisol, mai danne kumburi, yakan ragu sosai wajen tsakar dare, ciki kuma ya rage saurin sarrafa abinci. Ga shiru. Murɗar cikin da hidimar rana ta sa ka yi biris da ita, da ka kwanta sai ta cika maka kai. Ga abin yi.

Da farko, gyara kwanciya. Mai amai ya zauna ko ya kwanta a gefe, kada ya yi rigingine, don kada aman ya sarƙe shi. Yaro kam a zauna kusa da shi, da roba a hannu.

Na biyu, ruwa. A nan ne aka fi yin kuskure, kuma a nan ne rai yake. Abin tsoro a wannan ciwo ba aman ba ne, ƙarewar ruwan jiki ne. Wasu sai su hana majinyaci ruwa wai kada ya sake amai. Wasu kuma su miƙa masa kofi cike ya kwankwaɗa, nan take ya dawo da shi. Duk ba daidai ba. Bayan amai a dakata minti 10, sannan a fara da ƙaramin cokali ɗaya, a riƙa bayarwa duk bayan minti 2 ko 3. Babba ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In an sake amai, a sake jira minti 10, a ci gaba. Akwai gajiya, na sani, ga barci na fizgar ido, amma ko da ana amai wani abu yana zama a ciki. Mai shayarwa kada ta janye nono, ta ma ƙara yawan bayarwa.

Wane ruwa? Wanda ya fi shi ne ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti mai mayar da ruwan jiki, a narka shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1. Idan babu a gida, kuma dare ya yi nisa, sai a haɗa na gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafe bakin cokalin, kada a yi tozo, domin gishiri in ya yi yawa illa ne ga yaro. Bayan kowane zawo, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha mililita 50 zuwa 100, mai shekara 2 zuwa 10 ya sha 100 zuwa 200, babba kuma iya abin da ya iya. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar, a yi sabo. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, zaƙinsa ma ƙara zawon yake.

Na uku, kada a wawuri magani cikin duhu. Antibayotik ba ya kashe bairas, maganin tsayar da zawo kuma ba a ba yara ƙanana.

Na huɗu, a kare sauran mutanen gida. A wanke hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, domin man goge hannu mai barasa ba ya cin norobairas sosai. Inda amai ya zuba a goge da ruwan bilic, zanen gado a ware shi a wanke daban. Wanda ya kamu kada ya dafa wa kowa abinci sai ya yi awa 48 da warwarewa.

Akwai kuma alamun da ba a jiran safiya a kansu: jini a zawo ko a amai, ido ya zurma, maɗigar jariri ta faɗa, yaro ya yi laushi ba ya iya sha ko ya yi wuyar tashi daga barci, fitsari ya ɗauke na tsawon awoyi, ciwon ciki mai tsanani da ya tsaya wuri ɗaya, ko zawo fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, wanda alamar kwalara ce, tana iya ƙarar da ruwan jikin babba cikin 'yan awoyi. Jariri ƙarami, tsoho, mai ciki da mai ciwon suga, su ma kada a ja lokaci da su. A tafi asibiti, ana ba da ruwan a hanya.

In gari ya waye aman ya lafa, a koma cin abinci mara nauyi kaɗan-kaɗan, kada a ce sai zawo ya tsaya. Yaro a nema masa ƙwayar zink: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 idan bai kai wata 6 ba. A cika kwanakin ko da ya miƙe yana wasa tun rana ta biyu.