Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Amfilifayar Jita Mai Aiki da Batirin 12V

Duk mai kaɗa jitar lantarki a Birnin Kebbi, Argungu, Yauri ko Zuru ya taɓa gwada jona ta a rediyo ko sifikar waya, ya ji sautin ya fito a dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. Laifin ba na jitar ba ne. Fikof ɗinta, wato naɗin siririyar waya da maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, yana son mashiga mai turjiya kusan 1MΩ, alhali yawancin rediyoyi tasu ba ta wuce 10k zuwa 50k. Sai zaƙin sautin ya zube tun a bakin ƙofa. Abin da za mu haɗa a nan, wato amfilifaya mai ƙara wa jita sauti, yana magance wannan, yana ba da wajen wat 4, kuma ba ruwansa da wutar NEPA.

Masu sha'awa da yawa suna son farawa da amfilifaya mai kwalba, irin Fender Champ mai wat 5. Sautinta da daɗi, amma a cikinta akwai wutar da ta haura bolt 300, kuma kafasitocinta na riƙe ta ko bayan an cire soket. Ba aikin sabon hannu ba ne. A fara da bolt 12, inda kuskure ke cin fiyus ko aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) kawai.

Aisi biyu ne ginshiƙin aikin. TL072 mai ƙafa takwas ita ke karɓar jita, TDA2003 mai ƙafa biyar ita ke tura sifika. An yi TDA2003 ne domin rediyon mota, shi ya sa batiri ya ishe ta, kuma kusan duk mai gyaran rediyo ya san ta. Ka sayi bibbiyu, domin jabu sun yi yawa a kasuwa, ka kuma sa wa TL072 mazauni maimakon liƙa ta kai tsaye a allo, wato allon nan mai hudoji da layukan tagulla da ake liƙa kayan a kai. Kafasita masu fozitif da nagatif su zama na bolt 25, kuma in akwai zaɓi ka ɗauki masu rubutun 105°C. Wanda ya san zafin Afrilu a Kebbi ba sai an yi masa bayanin dalili ba. Kowace razista ka auna ta da mita kafin ka liƙa, kada ka dogara da launi a hasken tocila.

Ɓangaren karɓar jita

Ka ajiye TL072 rubutunta na kallonka, tsagar bakinta a sama. Ƙafa ta 1 ita ce ta hagu a sama, ka gangara zuwa 4, ka tsallaka dama ka hau daga 5 zuwa 8. Ƙafa ta 4 nagatif ce. Ƙafa ta 8 fozitif ce, amma kada ka ba ta wuta kai tsaye: ta bi ta razista 220Ω, sannan ka sa kafasita 100µF daga ƙafar zuwa nagatif. Wannan ƙaramar matatar ce ke hana jijjigar wutar da sifika ke jawowa komawa mashiga.

Tunda batiri ɗaya ne, dole a ƙirƙiri rabin wuta inda sauti zai zauna. Ka jera razista 47k guda biyu daga ƙafa ta 8 zuwa nagatif, tsakiyarsu ita ce rabin, ka sa mata kafasita 47µF zuwa nagatif. Daga wannan tsakiyar ka kai razista 1MΩ zuwa ƙafa ta 3. Ita ce turjiyar da jita ke nema.

Jak ɗin mai faɗin milimita 6.35 ne, na layi ɗaya. Daga harshen da ke taɓa kan fulogi, sauti ya bi razista 10k, sannan kafasita mai lamba 473 a jikinta, ya shiga ƙafa ta 3. A mahaɗar 10k da 473 ka sa kafasita 101 zuwa nagatif. In ka tsallake ta, wata rana kana cikin kiɗa za ka ji labaran rediyo na fitowa daga sifikarka, domin doguwar wayar jita eriya ce. Ka haɗa ƙafa ta 1 da ta 2. Rabin aisin da ba a amfani da shi ma ba a barinsa a sake: ƙafa ta 5 ta je tsakiyar 47k ɗin nan, 6 da 7 a haɗe su.

Daga ƙafa ta 1 sai kafasita 10µF, fozitif ɗinta wajen aisi, ta tafi ga bolum mai 10k. Ka nemi mai harafin A, domin mai B duk ƙararsa na taruwa a farkon murɗawa. In ka riƙe shi sandarsa na kallonka ƙafafu a ƙasa, ta dama ce mashiga, ta hagu nagatif, ta tsakiya mafita.

Ɓangaren tura sifika

TDA2003 kuwa, rubutu na kallonka ƙafafu a ƙasa, ana ƙirga 1 zuwa 5 daga hagu. Tazarar ƙafafunta ba ta dace da hudojin allo ba, sai an ɗan buɗa su da filaya a hankali, nesa da jikin aisin don kada su karye a gindi. Tsakiyar bolum ta bi kafasita 2.2µF zuwa ƙafa ta 1, fozitif wajen aisi. Ƙafa ta 3 nagatif, ta 5 fozitif, ta 4 ita ce mafita.

Daga ƙafa ta 4 ka sa razista 220Ω mai rabin wat, ka bi ta da 2.2Ω zuwa nagatif, sannan daga mahaɗarsu kafasita 470µF zuwa ƙafa ta 2, fozitif wajen ƙafar. Razistocin nan biyu, 220Ω da 2.2Ω, su ne ke ninka sauti kusan sau 100. A nan mutane suka fi faɗawa rami: mai shago ya ba ka 2.2k a madadin 2.2Ω, tunda duk da ja biyu suke farawa, sai amfilifayar ta yi ta raɗa ko ta kama ihu. Ta gaskiyar zobenta na uku ruwan zinare ne, ta kuskuren ja ne.

Tsakanin ƙafa ta 4 da ta 2 ka jera 39Ω da kafasita 393. Tsakanin ƙafa ta 4 da fozitif ɗin sifika kuma kafasita 1000µF, fozitif wajen aisi. Kada ka rage ta. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, kuma da sifika mai 4Ω, 1000µF tana barin komai daga wajen 40 ya wuce, ita kuwa 470µF tun daga wajen 85 take fara yanka, daidai inda kaurin jitar yake. Daga fozitif ɗin sifika ka jera 1Ω da kafasita 104 zuwa nagatif. Ba a jin aikinsu da kunne, amma in babu su aisin na iya yin wani kuka da ya fi ƙarfin jin ɗan Adam, ta yi ta zafi ba tare da an kaɗa komai ba. Daga ƙarshe, 1000µF da 104 tsakanin ƙafa ta 5 da ta 3, kuma 104 ɗin ta matso jikin aisin, kada ta wuce santimita ɗaya ko biyu.

Maganar nagatif ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Wayar nagatif ta batiri, da ta sifika, da ƙafar babbar kafasitar da ke tsakanin ƙafa ta 5 da ta 3, su haɗu a wuri ɗaya dab da ƙafa ta 3. Nagatif na jak, da na bolum, da na TL072, da na 2.2Ω, su taru daban, su zo wannan wurin da waya ɗaya tasu. Sifika na jan fiye da amfiya ɗaya in an buga da ƙarfi. Idan wannan wutar ta bi siririn layin da jak ke kai, ɗan abin da ya faɗi a layin zai koma mashiga a ninka shi sau ɗari, sai ka ji fat-fat-fat kamar injin ban ruwa a fadamar Argungu.

Aisin na zubar da zafin da ya kai wat biyu da rabi in ana aiki sosai, kuma jikinta kaɗai ba zai iya da shi ba. Ka ɗaure ta da noti a farantin alminiyom mai kamar santimita 8 kowane gefe, ko ka ciro mai haƙarƙari daga mataccen inbata ko fawa ta kwamfuta, ka shafa farin man zafi kaɗan. Bayanta nagatif ne, don haka ba ta buƙatar abin raba ta da farantin. In bayan minti goma na kiɗa ba ka iya ajiye yatsa a kai na daƙiƙa biyar, farantin ya yi ƙanƙanta.

A wayar fozitif, kusa da batiri, ka sa fiyus mai amfiya 2, sai makunni, sai dayod 1N5822, zobenta na kallon allo, saboda ranar da wani zai juya wayoyin batiri. Batirin 12V mai 7Ah yana kai sa'o'i bakwai ko fiye a kiɗa matsakaici. Kada a jona wa farantin sola kai tsaye, kada kuma a yi amfani da cajar laftof mai bolt 19. Iyakar TDA2003 bolt 18 ne, farantin sola kuwa da tsakar rana yakan haura haka.

Kunnawar farko

Kafin wuta ta shiga, ka duba bayan allo da rana tsaka, ka bi tsakanin layukan tagulla da bakin reza. Liƙin dalma mai kyau yana sheƙi, ya kwanta kamar an zuba. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka, a sake narkar da shi. Sannan ka sa ƙwan mota mai 12V wat 5 a jere da wayar fozitif. In ya ɗan haska ya lafa, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai inda wuta ta haɗe, ka kashe nan take.

Baƙar wayar mita a nagatif, ka auna. Ƙafa ta 5 ta TDA2003 ta ba da kusan 12, ta 4 kusan 6. Ƙafa ta 8 ta TL072 tsakanin 11 da 12, ta 1 da ta 7 rabin haka. Ƙafa ta 3 za ta ruɗe ka: ƙaramar mita mai arha tana iya nuna wajen 3 maimakon 6, domin turjiyarta daidai take da 1MΩ ɗin da ke wurin, sai su raba wutar. In ƙafa ta 1 daidai take, ka ƙyale ta. Amfilifayar duka, ba kiɗa, tana jan kusan miliamfiya 50. In ta kai 200, akwai matsala ko da sauti na fita.

In shiru ka ji, ka buɗe bolum rabi ka taɓa ƙafarsa ta tsakiya da sukuddireba, yatsanka a kan ƙarfen. Gurnani ya fito, ɓangaren sifika lafiya lau, ka koma wajen TL072 da jak. Bai fito ba, ka nemi laifin a gaba, wajen TDA2003 da sifika. Zuuu da ke ƙaruwa in ka matso ƙwan LED ko cajar waya, fikof ne ke ɗauka, ka juya ko ka matsa. Siririn fito da ke zuwa in batiri na kan cajin sola ko inbata, daga can yake, ka cire batirin ka kaɗa da shi shi kaɗai. Ƙaras-ƙaras in an murɗa bolum kuwa ƙurar hunturu ce, maganinta feshin wanke kayan lantarki, ban da kananzir da baƙin mai.

Sifika mai 4Ω, inci shida da rabi ko takwas, ta mota ma ta yi, amma in tana da ƙaramar sifikar tsini a tsakiya ka yanke wayarta, domin tana mayar da jita kamar ana kaɗa gwangwani. Akwatin filawud mai kaurin milimita 12, santimita 30 tsawo da faɗi, zurfi 15, a bar rabin bayansa a buɗe don sauti da iska. Katakon garin katako yana kumbura da damina. Mai gurmi ko garaya ma zai iya amfani da ita in ya manna fayafayin fiyezo mai ɗaukar jijjigar sauti a jikin kayan kiɗan kusa da jaki, inda tsirkiya ke ɗorawa.

In abin ya gagara

Za ka kai wa wanda ya fi ka sani, kuma yadda ka je ne zai sa ya duba ko ya ce ka dawo gobe. Ka yi sallama, ku gaisa sosai, ka jira ya sauke aikin da ke hannunsa, don na mai biya ne. Kada ka ɗauki mitarsa ko ayan ɗinsa na liƙin dalma sai ya miƙo maka. Ka zo da zanen da ka bi, da takardar da ka rubuta awon kowace ƙafa. “Oga, ba ta yi” ba tambaya ba ce. Ka ce: “Malam, don Allah in ka samu sarari. TDA2003 ce a batirin 12, ƙafa ta huɗu na ba ni bolt ɗaya maimakon shida, tana zafi ko ba kiɗa, na canza ta sau ɗaya haka dai.” Wannan zai amsa maka yana tsaye. In ka taɓa juya wayar batiri ko ka ga hayaƙi, ka faɗa tun farko, ɓoyewa sa'a guda za ta ci masa a banza. In ya ce ka gwada abu, ka gwada shi shi kaɗai, kada ka canza abu uku lokaci guda a rasa wanda ya yi maganin. Ko ka ga kamar ya yi kuskure, ka nuna masa awon mita, ba a gaban yaran shagonsa ba. Kayan da ya sa maka ka biya, ka tambayi kuɗin aikinsa ko da zai ce ka bar shi. Ta tashi kuma, ka koma da ita da jitar ka gaya masa ainihin inda laifin yake, ya ji sautin da kunnensa.