Kurakuran da sabon hannu ke yi da injin goge fentin mota

Injin folishi mai juyawa ba ya ƙara wa mota komai, ci yake yi. Sheƙin da kake gani bayan an gama aiki ya samo asali ne daga kankare saman fenti, a rage shi har ya yi daidai da ƙasan ƙarzunan da ke jikinsa. Fentin da mota ke zuwa da shi daga kamfani, idan aka haɗa shafen farko da launi da kiliyar da ke sama, yawanci kaurinsa yana tsakanin maikiron 100 zuwa 180 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Kiliyar, wato ruwan nan marar launi da ke ba da ƙyalli, ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba. Takardar littafin ɗan makaranta ta fi ta kauri. A cikin wannan ɗan siririn abu ne duk aikinka yake, kuma abin da inji ya cinye ba ya dawowa sai da sabon feshi.

Kuskuren da ya fi saurin kashe fenti shi ne ɗaura soson folishi a kan giranda. Giranda da injin folishi sun yi kama a ido, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma ƙaramar girandar masu walda tana juyawa sau 10,000 zuwa 11,000 a minti ɗaya, kuma galibinsu ba su da wajen rage gudu. Injin folishi na gaskiya, irin Makita 9237C ko DeWalt DWP849X, yana sauka har wajen 600, kuma yawancin aiki tsakanin 1,000 da 1,800 ake yin sa. Idan giranda ce kawai a shagonku, ku yi da hannu ya fi muku alheri.

Sai gaggawar kunna inji a kan motar da ba ta wanku ba. A lokacin hunturu, mota na iya fitowa daga wanki, kafin ka haɗa waya ƙura ta sake kwanta mata. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashin soso, sai ta zagaya bonet tana zana da'ira. Ka wanke motar da kyau, ka shanya ta, sannan ka shafa tafin hannunka a jiki. In ka ji kaushi, akwai kwalta ko burbushin ƙarfe ko feshin wani fenti da ya manne, kuma akwai wata laka ta musamman da ake sayarwa don cire su, ana goga ta da ruwan sabulu. Kafin ka fara kowane ɓangare, ka sake share shi da tsumma mai laushi. Kuma a inuwa ake wannan aiki. Ƙarfen baƙar mota da ya sha ranar Afrilu ya riga ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, man gogewa zai bushe nan take, ga kuma zafin injin a kai.

Da yawa ba sa tsayawa su tambayi kansu wane irin fenti ne a gabansu. Motocin da muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, ba kasafai ake samun wadda ba a taɓa fesa wa ƙofa ko fenda ba, wata ma an sha goge ta tun kafin ta hau jirgin ruwa. Akwai ɗan ma'aunin kaurin fenti da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ya nuna lamba. Idan ƙofa ɗaya ta nuna 120, ta kusa da ita ta nuna 350, an sake fesa ta biyun. Lamba ta haura haka sosai, to akwai fila, wato abin da ake cike lotsewar jikin mota da shi, a ƙasa. Ta sauka ƙasa da 80 kuwa, ka bi a hankali, don wani ya riga ka cin rabon. Wanda ba shi da ma'auni ma yana da abubuwa biyu da zai gwada. Ya shafa ɗan man gogewa da farin tsumma a wani lungu: in launin motar ya fito a tsumman, fentin ba shi da kiliya, irin na tsofaffin motoci da wasu farare. Sannan ya bi ƙarzunan da farce. Duk layin da farce ya maƙale a ciki ya yi zurfin da inji ba zai fitar da shi lafiya ba. Za a iya rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido, amma bin sa har ya ɓace yana nufin cinye kiliyar wajen gaba ɗaya. Gara ka faɗa wa mai motar tun farko: “Alhaji, wannan sai dai a taɓa shi da fenti.”

Wani hali na masu koyo shi ne farawa da mafi kaushi, wato soson gashin tunkiya da kwamfawun (man gogewa mai kaushi) mai ƙarfi irin Farécla G3 ko Meguiar's M105, don kawai shi suka ga oga yana riƙewa. Oga yana goge bayan samfefa mai lamba 1500 ko 2000 ne a kan sabon feshi, aikinsa daban. Motar da ƙananan zanen wanki ne kawai suka dusashe ta ba ta buƙatar wannan. Ka keɓe ɗan wuri a bonet, ka gwada soso mai matsakaicin tauri da man gogewa marar kaushi. In ya fitar, shi ke nan, ka samu abin da za ka bi motar da shi. In bai fitar ba, ka hau mataki ɗaya.

Yanzu ga inda aka fi yin kuka, wato ƙona fenti. Injin mai juyawa yana zagayawa ne a kan tsakiya ɗaya, ba ya kaɗawa gefe da gefe kamar ɗan'uwansa mai motsi biyu, saboda haka duk zafin gogayya yana taruwa a wuri guda. Bakin soso kuma ya fi tsakiyarsa gudu nesa ba kusa ba. Sabon hannu yakan ji injin yana fizgarsa, sai ya karkata shi a kan baki don ya samu sauƙin riƙewa, ya kuma danna da ƙarfi. Nauyin da ya kamata ya bazu a faɗin soso sai ya koma kan ɗan yanki mafi gudu. Ka riƙe soson kusan a kwance, ka bar nauyin injin da ɗan dannawa kaɗan su yi aikin, hannu kuma kada ya tsaya ko na daƙiƙa biyu. Tafiya a hankali ake yi, amma ba a tsayawa. Ka ɗauki wuri kamar santimita 60 tsawo da 60 faɗi, ka bi shi layi-layi, kowane layi ya hau rabin na baya. Lokaci-lokaci ka ɗora bayan hannunka a wajen. Ɗumi ba laifi, amma in ka janye hannu ba shiri, ka koma wani ɓangaren ka bar nan ya huce.

Gefuna da ƙusoshin jikin mota su ne tarko. A bakin ƙofa, da bakin bonet, da layin nan da ke tasowa a tsawon mota, fenti ya fi siranta tun daga wajen feshi, kuma soso yana haɗuwa da su da dukan nauyinsa. Ka rufe su da siririn tef na masu fenti, haka ma robobin gilashi da baƙaƙen robobi, waɗanda in mai ya taɓa su sukan yi fari su ƙi wankuwa. In dole sai ka yi kusa da gefe, ka lura da inda soson ke juyawa, ka tsaya ta yadda zai riƙa sauka daga kan fenti zuwa waje, kada ya zo daga waje ya daki bakin. Bamba ta roba ita ma sai da lallashi, domin roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, fentin kanta na iya tattarewa kafin ka ankara. Ka rage gudu, ka sa ƙaramin soso. Alamar ƙuna ita ce wani tabo da ya dushe, ko launi ya bayyana a soson motar da ka san tana da kiliya. Da ka ga haka ka kashe inji. Ƙarin gogewa faɗaɗa ramin zai yi, maganinsa yana hannun mai feshi.

Batun yawan mai ba ya buƙatar dogon bayani. Ya yi yawa, soso ya jiƙe ya daina ci, ya fantsama wa gilashi da rigarka. Ya yi kaɗan, kana gogewa a bushe. Ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake sun isa wuri ɗaya bayan soson ya sha na farko. Ka dangwala shi a jiki, ka baza da ƙaramin gudu, sannan ka ƙara. Bayan kowane ɓangare ka kakkaɓe soson da buroshi, don busasshen mai da garin fentin da ya tara su ma ƙarzawa suke yi. Sabon soso ɗaya ba ya gama mota.

Akwai kuskuren da ba ya nuna kansa sai washegari. A cikin shago mota ta fito tana walƙiya, an biya kuɗi, an rabu lafiya. Da ta shiga rana sai ka ga wasu layuka masu rawa a jiki kamar hayaƙi, suna bin ka duk inda ka matsa, musamman a baƙa da shuɗiya mai duhu. Sawun inji ne. Gashin tunkiya da kwamfawun kullum suna barin nasu ƙananan zane, kuma wanda ya tsaya a nan rabin aiki ya yi. Ana bin bayansu da soso mai laushi da man kammalawa irin M205, a gudun da bai wuce 1,000 zuwa 1,200 ba, a sassauta dannawa a zagayen ƙarshe. Mai injin motsi biyu ya yi wannan mataki da shi, ya fi sauƙin fita tsaf. Ni dai ban yarda da sheƙin da ba a duba ba. Wasu mayukan suna cike zanen da maiƙo su ɓoye shi, wanki biyu ko uku ya tona asiri. Ka goge wajen da sifirit da aka sirka da ruwa, ka haska tocila mai ƙarfi ta gefe, ko ka fitar da motar rana kafin mai ita ya iso.

Wayar inji a kan kafaɗa ake ratayawa, kada ta ja a jikin fenti ko soso ya naɗe ta. Hannun riga mai faɗi, da agogo, da kan bel, duk a kawar da su. Eriya da tambarin mota da waifa suna kama gashin tunkiya su fizge injin daga hannu. Kada kuma ka kunna ko ka ɗaga inji a sama yana cikakken gudu, a jikin mota ake tayar da shi, a nan ake sassauta shi.

Fentin da aka goge tsirara yake, yana buƙatar kakin kariya. Sai dai in sabon feshi ne, a bar shi kamar wata guda ko fiye ya gama fitar da sinadaransa kafin a rufe shi, gwargwadon abin da kamfanin fentin ya rubuta.

Koyo kuwa ba a motar kwastoma ake yin sa ba, ba kuma a ta maigida ba. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko wajen 'yan gwangwan na garinku, ka sayi tsohon bonet mai duhun launi. Ka ƙarje shi da samfefa 2000, ka fitar da zanen, ka maimaita. Daga nan ka ƙona shi da gangan, sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a gefe, ka lura da bambancin lokacin da kowanne ya ɗauka. Na gefen zai riga ka ƙirga biyar.