Yadda Ake Gano Baƙon Abin Da Aka Hango A Sararin Sama

Da zarar wani haske da ba a saba gani ba ya bayyana a sama da daddare, kafin gari ya waye bidiyonsa ya karaɗe wayoyin jama'a, kowa kuma da fassararsa: wannan ya ce jirgin leƙen asiri ne, wancan ya ce aljanu ne, wani ya ce baƙin halittu ne daga wata duniya. Rundunar sojin saman Amurka ta tattara rahotanni 12,618 na irin wannan gani tsakanin 1947 da 1969, kuma a lokacin da ta rufe shirin binciken da ake kira Project Blue Book, guda 701 ne kawai suka rage ba a gano ko mene ne ba. Mafi yawan sauran sun kasance taurari, jiragen sama, balan-balan da makamantansu. Matakan da masu bincike ke bi ba su gagari kowa ba, muddin mutum ya natsu a mintunan farko, domin abin da ya kiyaye a wannan ɗan lokaci shi ne jarin duk binciken da zai biyo baya.

Mataki na farko shi ne kiyaye abin da ido ya gani kafin baki ya fara ba da labari. Ka dubi agogon wayarka ka riƙe lokacin har da mintinsa, saboda "bayan sallar isha'i" na iya nufin tazarar awa biyu, alhali tauraron ɗan'adam cikin 'yan mintuna yake ratsa sama ya wuce. Sannan ka tantance kusurwar da abin yake. Wanda ba shi da na'urar nuna kusurwa yana iya dogara da masallacin unguwarsu, tunda a ƙasar Hausa alƙibla tana gabas ne tare da ɗan karkata zuwa arewa. Tsawonsa daga ƙasa kuwa da hannu ake auna shi: idan ka miƙa hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10, don haka dunƙule tara ne daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar kanka. Ka ƙirga dunƙule nawa abin ya yi sama, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka, ka saurara ko akwai ƙara, ka lura da launinsa. Irin waɗannan tambayoyi ne ake yi wa wanda ya zo da shaidar ganin jinjirin watan azumi, kuma dalilin ɗaya ne. Yana da kyau ka rubuta su tun kafin ka shiga hira da sauran waɗanda suka gani, domin labarin mutum biyar yakan narke ya koma labari ɗaya cikin rabin awa, kowa ya ɗauki abin da ɗan'uwansa ya faɗa kamar shi ya gani.

A nan ne kuma ake raba abin da ke tafiya da wanda ke tsaye, kuma wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Idan mutum ya ƙura wa ɗigon haske ido a cikin duhu, ƙananan motsin ƙwayar idonsa sukan sa ya ga kamar hasken yana yawo hagu da dama. Idan kuma gajimare yana tafiya a kusa da tauraro, sai a ga kamar tauraron ne ke gudu. Maganin wannan shi ne ka jingina kanka da bango, ka daidaita hasken da wani abu kafaffe, kamar kan falwaya ko ƙusurwar soro, ka jira minti biyu.

Idan abin ya tabbata a tsaye yake, ko kuma yana gusawa yamma a hankali yadda sai bayan rabin awa za ka lura, mataki na biyu shi ne ka fara zargin taurari, kuma ta farko a jerin waɗanda ake zargi ita ce Zara matar wata, wadda malamai ke kira Zuhura. Bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske a sama, har takan sa mutum ya rantse cewa fitila ce aka rataye. Tana da ɗabi'a ɗaya da ke tona mata asiri: ba ta nisa da rana fiye da kimanin digiri 47, saboda haka ana ganinta ne a yamma bayan magariba, ko a gabas kafin fitowar rana, lokacin da ake ce mata Gamzaki. Duk hasken da ka gani a tsakar ka da tsakar dare ba ita ba ce. Ya fi kama da Mushtari (Jupiter), wanda shi ma haskensa fari ne mai ƙarfi kuma ba ya ƙyaftawa. Ko Jimmy Carter, kafin ya zama shugaban Amurka, ya ga wani haske a jihar Jojiya a 1969 ya kuma ba da rahotonsa daga baya, wasu masu bincike suka ce Zara ce ya gani.

Akwai kuma tauraruwar Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi. A watannin Disamba da Janairu takan fito ta kudu maso gabas da farkon dare, kuma yayin da take ƙasa-ƙasa haskenta yana ratsa iska mai kauri da motsi, sai a ga tana walƙiya da ja da shuɗi da kore kamar fitilar motar 'yan sanda. Gwajin duk waɗannan ɗaya ne kuma ba ya cin ko kwabo: ka koma wuri guda gobe a daidai lokacin. Idan abin yana nan, tauraro ne. Wanda ba ya son jira yana iya buɗe manhajar Stellarium, ya saka garinsu da lokacin da ya rubuta, ta nuna masa abin da ke wannan kusurwa da sunansa.

Mataki na uku na hasken da ke tafiya ne a miƙe, ba gudu ba, ba tsayawa. Jirgin sama yana ɗauke da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da wasu masu ƙyaftawa, don haka duk ƙyaftawa mai tsari alamarsa ce. Sai dai jirgin da ya fuskanto ka da fitilun sauka a kunne yakan yi kamar yana tsaye na mintuna yana ƙara haske, abin da mazauna kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai suka saba gani. Manhajar Flightradar24 tana nuna jiragen fasinja da ke sama a lokacin, ko da yake jiragen soja ba kullum suke fitowa a cikinta ba.

Tauraron ɗan'adam kuwa ba shi da fitila. Hasken rana yake mayarwa, shi ya sa aka fi ganinsa a awa biyu na farko bayan faɗuwar rana ko awa biyu kafin fitowarta, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma shi can sama rana na haska shi. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafiya a nisan kimanin kilomita 400, tana zagaye duniya cikin kusan minti 90, kuma takan ratsa samanmu shiru cikin mintuna kaɗan da haske mai kama da na Zara. Sau da yawa takan dushe ta ɓace a tsakiyar sama, wanda shi ne abin da ya fi tsorata mutane, alhali cikin inuwar duniya ta shiga. Tun daga Mayun 2019, lokacin da kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60, an sami wani sabon abin ruɗani: ɗigogin haske a jere kamar carbi suna bin juna. Haka suke kasancewa a kwanakin farko bayan harba su, kafin su watse kowane ya kama matsayinsa. Shafin Heavens-Above yana ba da jadawalin wucewarsu a kan kowane gari, sai ka gwada da lokacin da ka rubuta.

Mataki na huɗu ya shafi abin da ya wuce kamar walƙiya ya bar wutsiya, kuma a nan tsawon lokaci ne alƙali. Idan daƙiƙa ɗaya ce zuwa 'yan daƙiƙoƙi, dutse ne ko tsakuwa daga sararin samaniya da ta shigo iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ba, tana ƙonewa a nisan kusan kilomita 80 zuwa 100. Irin wannan yakan yawaita wajen 12 ga Agusta da 14 ga Disamba na kowace shekara, na Disamba ya fi mana sauƙin gani tunda babu hadari. Kusan kowa da ya ga babba daga cikinsu yakan ce a bayan ƙauyen da ke gaba ya faɗi, amma ido ba ya iya auna nisan haske guda a cikin duhu, kuma abin da aka gani a Kano da Zariya da Maraɗi lokaci ɗaya dole ya kasance can ƙololuwa. Idan an ji ƙara, ka ƙirga tazarar: sauti yana cin kilomita ɗaya cikin kimanin daƙiƙa uku, saboda haka rugugin da ya iso bayan minti biyu ya taso ne daga nisan kilomita 40. A Chelyabinsk ta ƙasar Rasha, ranar 15 ga Fabrairu 2013, wannan tazara ce ta cuci mutane, domin sun taru a tagogi suna kallon hasken, sai ƙarfin fashewar ya iso ya farfasa gilasai, kusan mutum 1,500 suka ji rauni. Wani lokaci dutsen yakan iso ƙasa: ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mirrihu (Mars) ya fito, kuma a 1984 wani ya faɗo a Gujba ta jihar Yobe ta yanzu.

Idan kuwa wutar ta daɗe, ta kai rabin minti ko fiye, tana tafiya kwance tana rarrabuwa gunduwa-gunduwa kowace da tata wutsiyar, ya fi kama da tarkacen roka ko tsohon tauraron ɗan'adam da ke dawowa, domin gudunsa bai wuce kimanin kilomita 8 a daƙiƙa ba. A ƙarshen Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na ƙasar Kenya, hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce ɓangaren roka ne. Ita kuma ainihin tauraruwa mai wutsiya, wadda ake cewa ganinta ba alheri ba, ba ta gudu a ido ko kaɗan. Kwana da kwanaki ake yi ana ganinta kusan wuri guda.

Abin da aka gani da rana ya fi sauƙi. Farin ɗigo mai sheƙi da ke bin iska galibi balan-balan ne, na biki ko na masu hasashen yanayi, wanda ake saki sau biyu a rana daga ɗaruruwan tashoshi a duniya yana hawa har kusan kilomita 30 kafin ya fashe. Wani lokaci ma leda ce guguwa ta ɗaga. Haske mai tsayawa cak, ya juya, ya sauko, yana ƙugi kamar ƙudan zuma, ƙaramin jirgi marar matuƙi ne irin na masu ɗaukar hoton biki, farin da'ira mai zagaye a jikin gajimare kuma fitilar wurin taro ce aka haska sama.

Sai mataki na biyar, wato tuhumar bidiyon kansa. Kyamarar waya ba ta iya daidaita kanta a kan ƙaramin haske a cikin duhu, saboda haka idan aka jawo hoton kusa sai tauraro ya koma wani faifai mai zobba yana ɓalɓal, kuma rawar hannu ta sa ya yi ta tsalle. Fitilar titi mai ƙarfi ma takan haifar da ɗigon kore a ɗaya ɓangaren hoton, wanda ke motsi duk lokacin da wayar ta motsa. Idan kai ne mai ɗauka, kada ka jawo hoton. Ka ɗora wayar a kan katanga, ka bar rufin gida ko bishiya ta fito a ciki, ka kuma faɗi lokaci da wuri da bakinka. Idan turo maka aka yi, ka nemi wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, ka saka hoto ɗaya daga cikinsa a manhajar binciken hoto ta Google, domin tsohon bidiyo daga wata ƙasa yakan dawo da sunan wani garin namu.

Idan ka bi duk waɗannan abin bai dace da ko ɗaya ba, ka nemi shaidu daga wasu garuruwa, kowanne ya faɗi kusurwa da tsawon da ya gani ba tare da ya ji na wani ba, tunda da bayanin wurare biyu masu nisa ake lissafa ainihin tsawon abu da inda ya dosa. Ka haɗa wannan da rubutunka na farko da bidiyon asali wanda ba a taɓa ba, ka kai wa sashen kimiyyar lissafi da fiziks na jami'a mafi kusa, ko hukumar NASRDA mai kula da harkar sararin samaniya a Najeriya. Jirgi marar matuƙi da ke shawagi a kan ƙauye a yankin da ke fama da rashin tsaro kuwa, maganarsa ta jami'an tsaro da mai gari ce, kuma a daren ya kamata a sanar da su. Idan wani abu ya faɗo ƙasa, a hana yara taɓa shi, musamman idan ƙarfe ne mai kama da tanki, domin ragowar man roka guba ne. A ɗauki hotonsa a inda yake tare da wani abu da zai nuna girmansa, a kewaye wurin, sannan a aika a kira hukuma.